Inda Gado Ya Kashe Inji

Da hantsi muka bar gaɓar Yawuri,
rana ta riga ta ɗare ƙeyar kowa.
Buhun albasa goma sha ɗaya, babur guda a kwance,
akuya mai ciki da ba ta yarda da ruwa ba,
mutum takwas masu inda za su,
sai ni.
Na ce wa Gado, kai dai tafi, in ka juyo na juyo.
Ya dube ni, ya dubi takalmina na ofis,
ya fizgi igiyar inji sau uku kafin ya ce in zauna.

Bazara ta sha kogin nan sha na rashin ta ido.
Inda ruwa ya kwana watan jiya
yau laka ce, ta tsage kamar diddigen manomi.
Gado ba ya bin tsakiya,
gefe yake lallaɓawa, tunga bayan tunga,
a sauke mutum, a ɗauki kwando,
a miƙa saƙon magani ga wata tsohuwa
da ta shigo ruwa har gwiwa tana jira.
An shanya warangi a tabarmi, yana ƙyalli,
warinsa ya raka mu har kwana ta biyu.

Yaronsa Kakale na kwarfar ruwa da rabin jarka,
yana zubarwa, kogi na maido masa ta ƙasa.
Ba wanda ya gaji a cikinsu.

Can gaba kututtura suka fito,
itatuwan da ruwa ya binne a tsaye,
baƙaƙe, kowanne da balbela a ka
kamar hular aro.
Gado ya san su da suna.
Wannan Kurma, wancan Ci-Jirgi,
na bayansa ba a faɗin nasa sai an wuce.
Hira ta mutu. Har Tumba mai kifi,
da tun fitowarmu take lissafin masu cin bashinta,
ta riƙe bakin jirgi da hannu biyu.

Muka wuce. Ta ɗora daga inda ta tsaya.

Wajen azahar, babu tunga, babu gaɓa kusa,
sai Gado ya kashe inji.
Shirun ya faɗo mana kamar an kife ƙwarya.
Ya ce, ba kai ne jikan Nomau ba?
To, nan ne.

Na duba. Ruwa ne kawai,
ruwan ƙasa-ƙasa, da ɓawon albasa yana yawo.
A nan aka ce akwai tsamiya,
a nan mahaifiyata ta koyi daka,
ta bar shi tana da shekara tara, da kaza a hammata,
ta rasu a Kaduna tana kiran sunan rijiyarsu.

Gado ya zura gora har ta kusa ƙarewa.
Ta taɓa wani abu mai tauri, ƙwas.
Ya ce dutsen niƙa ne.
Tumba ta ce kai dai, kututture ne,
bara ma haka ka gaya wa wani malamin makaranta.
Ya ce wancan ma jikan garin ne.

Ban zo da komai ba, ko addu'ar da na shirya ta gudu.
Na kamfaci ruwan a tafina.
Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi,
da ɗan warin fetur.
Na shafa a fuska.

Akuya ta yi fitsari a kan takalmina.
Aka yi dariya, ni ma na yi, har da hawaye.

Gado ya fizgi igiya, inji ya yi tari ya yi shiru.
Ya sake. Ya sake.
Jirgi na juyawa da mu a hankali a kan rufin kakana,
can gabas hadarin farko na haɗa kansa,
Kakale bai ɗaga kai ba,
yana ta kwarfa.